Arba'in Ɗin Mai Jego: Alamun da Ya Kamata a Koya Mata Tun Kafin Ta Sauka

(Jawabin da ɗaya daga cikin iyayenmu mata 'yan kasuwa ta gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Badun)



 

Mu da aka ce mu tsaya gabanku yau ba likitoci ba ne, ba kuma malaman asibiti ba. 'Yan kasuwa ne, iyakar karatunmu Islamiyya. Sai dai mun haihu, mun yi wa 'ya'ya da ƙanne wankan jego, mun kwana a barandar asibiti muna jiran a kira mu, kuma mun zauna da malaman asibiti mun yi musu tambayoyi har suka gaji da mu. Abin da muka taro ke nan muka kawo, musamman saboda masu haihuwar fari.

A al'adarmu da zarar an ji kukan jariri sai hankalin kowa ya kwanta. A yi barka, a shiga lissafin rago da kayan ƙauri da atamfar fitar suna. To amma masana sun ce yawancin matan da ke rasuwa ta dalilin haihuwa, bayan sun sauka ne suke rasuwa, kuma awa 24 na farko da makon farko su ne mafi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa kwana 42 bayan haihuwa a matsayin lokacin da mace take cikin wannan hali. Kun ga ai arba'in ɗinmu ke nan, da ƙarin kwana biyu. A ƙiyasin da hukumar ta fitar na shekarar 2020, mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Babu gidan da ke cikin wannan zaure da bai taɓa zuwa irin wannan gaisuwa ba.

Mu kuma mazauna Kudu muna da namu hali na daban. A gida Arewa yarinya tana tafiya goyon ciki wurin uwarta, ga kaka, ga gwaggo, ga inna, idanu da yawa a kanta dare da rana. A nan kuwa sai a kawo amarya daga Kano ko Sakkwato ko Katsina, shekara ta zagayo ta haihu a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, mai yi mata wanka maƙwabciya ce mai nata hidindimu, ta zo da asuba ta zo da yamma. Mijin yana kasuwar Bodija ko kara, ko ya tafi sayen goro cikin daji sai bayan kwana uku. Ita ba ta jin Yarabanci, Turancin ma sai a hankali. Tsakanin wankan safe da na yamma, wa ke kallonta? Babu kowa sai ita kanta. Shi ya sa muka ce ita ya kamata a koya wa, kuma tun tana wata bakwai ko takwas, ba ranar da ciwo ya kayar da ita ba.

Bari mu fara da jini, domin shi ya fi kowanne saurin kisa.

Duk wadda ta yi Islamiyya ta karanta hukuncin jinin biƙi a Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ta san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya iyakarsa kwana 60. Wannan hukunci ne na salla da azumi da tsarki, kuma malamai sun yi mana bayaninsa yadda ya kamata. Amma ba a ce duk jinin da ya zo cikin kwana 60 lafiya ba ne. Sau da yawa mace za ta aika a tambayo mata Malam ko ta yi salla, alhali tambayar da ta fi gaggawa ita ce ko ta tafi asibiti. Muna roƙon malamanmu, in irin wannan tambaya ta zo, bayan an ba da fatawa a ƙara da cewa: yaya yawansa, kuma ta ga malaman asibiti?

Jinin lafiya yana zuwa ja kwana uku zuwa huɗu, sai ya dusashe ya koma ruwan ƙasa, sai ya koma fari-fari, kullum yana raguwa. Wanda ba na lafiya ba shi ne wanda ke jiƙa ƙunzugu ko audugar mata sharkaf cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, ko yake fitowa guda-guda kamar ƙwan kaza ko fiye, ko wanda ya ragu sannan ya dawo ja wur da yawa bayan mako ɗaya ko biyu. Likitoci suna cewa in mace ta zubar da rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, ya zama zubar jini mai haɗari. Rabin lita kuwa shi ne ledar fiya-wata guda ɗaya. Ku duba ƙanƙantarta. In ya shiga zane biyu da katifa ba wanda zai iya cewa ga yawansa. Ko malaman asibiti ido yana yaudararsu. An yi wani babban bincike a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2023, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Suka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni tana tara jinin, da ya kai iyaka a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba. Da wannan aka rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. To in wadda ta yi karatun abin tana bukatar ma'auni, ina ga mu da fitilar waya a cikin ɗaki?

Saboda haka kada a tsaya kallon zane kawai, a kalli matar. In tana jin jiri in ta miƙe, zuciyarta na bugawa da sauri, gumi mai sanyi na karyo mata, leɓɓanta da tafin hannunta sun yi fari, tana ta neman ruwa, to jini ya tafi da yawa ko da ba a gan shi ba. Maganar da ake yi cewa a bar shi ya zuba, mugun jini ne, dattin ciki ne ke fita, wallahi wannan magana ta binne mata da yawa. Yawanci mahaifa ce ba ta tsuke ba, ko wani guntun mabiyiya ya maƙale a ciki, ko an sami yagewa. Mahaifar da ta tsuke za a ji ta da tauri kamar ƙwallo a wajen cibiya ko ƙasa da ita kaɗan. In an ji ta laushi a riƙa murza ta da tafin hannu, a sa matar ta yi fitsari, a ɗora mata jariri a nono domin tsotso yana taimaka wa mahaifa ta tsuke. Amma duk wannan a hanya ake yinsa, cikin mota, ba madadin asibiti ba ne. Akwai wata allurar tsayar da jini da ake kira tiranekzamik asid, wadda aka gwada a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da asibitin koyarwa na nan Badun da ke maƙwabtaka da mu. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna in an yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, in an wuce haka kuwa amfaninta ya tafi. Awa uku fa. Ku lissafa lokacin da ake ɓatawa wajen neman Alhaji a waya da jiran gari ya waye.

Na biyu shi ne hawan jini da jijjiga. Mutane da yawa sun ɗauka da an haihu an rabu da shi. Ba haka ba ne. Yana iya tasowa bayan haihuwa ga wadda ma ba ta taɓa yinsa ba lokacin da take da ciki, kuma jinin mai jego ya fi hawa tsakanin kwana na uku da na shida. Wane lokaci ne wannan a gidajenmu? Daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, ana daka, ana suya, ana kitso da lalle saboda suna. Yarinya ta ce kanta na sarawa, a ce rashin barci ne, a ba ta farasitamol. Ciwon kan da ya ƙi jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa har zobe ya ƙi fita, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki, amai, waɗannan su ne masu sallama kafin jijjiga ta shigo. A auna jininta nan take. In ya kai 140 bisa 90 a kai ta a duba ta a ranar. In ya kai 160 bisa 110, ko akwai waɗancan alamu ko da awon bai kai haka ba, to ba a jira komai, ko da ranar suna ce, ko da an kayar da rago.

In kuwa Allah Ya sa ta faɗi tana jijjiga, a kwantar da ita a gefenta, a kawar da wuta da duk abin da zai ji mata ciwo. Kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko man ja, domin huhu zai tafi. Kada a turara mata hayaƙi. Addu'a a yi ta, babu mai hanawa, amma a yi ta cikin mota. A asibiti suna da allurar da ke tsayar da jijjigar kuma ta hana ta dawowa.

Yanzu sai maganar da muka san za ta sa iyayenmu mata su gyara zama, watau ruwan zafi da kunun kanwa. Ba mu zo mu ce a daina wankan jego ba. Wanka da ganyen darbejiya ko runhu, da gasasshen nama da yaji da kunu, da hutun da ake ba mai jego, gata ne wanda wasu ƙabilun ma suke sha'awa. Amma a san wani abu. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa matan yankin da yawa suna zuwa da ciwon zuciya 'yan makonni bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a asibitoci da dama na ƙasar nan, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin koyarwa na Aminu Kano, bai tabbatar da cewa wankan ne ke kawo ciwon ba. Ya fi nuna matan da suka rame, da marasa galihu, da waɗanda suka yi hawan jini lokacin ciki. To duk yadda aka juya, ciwon yana nan kuma ya fi yawa a cikin matanmu na Arewa. Kuma babu saɓani cewa kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, mai hawan jini ko mai raunin zuciya ba ta da abokin gaba kamarta.

Inda abin yake da ban tsoro shi ne yadda muke fassara alamun. Mai jego ta fara kumburin ƙafafu, tana haki in ta ɗan taka zuwa bayan gida, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasai ko ta kwana a zaune, tari na tashinta da dare. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Alhali zuciya ce ta gaza tura jini, ruwa ya taru a huhu. Duk wadda aka ga haka gare ta a dakatar da kanwa, a sassauta ruwan, a kai ta wurin likita a gaya masa a fili cewa ta haihu kwana kaza da suka wuce. Wannan ciwo yana iya bayyana har bayan an yi arba'in da watanni. Haka kuma wadda aka yi wa aiki, ko aka yi wa ɗinki, kada a taɓa wurin da tafasasshen ruwa, kuma kada a danna mata ciki da tawul mai zafi sai likita ya yarda.

Zazzaɓi kuma, a nan Kudu kowane zafin jiki sunansa maleriya, sai a aika yaro kemis. Ga mai jego ba haka ake yi ba. In jikinta ya yi zafi da rawar sanyi, marar ta na ciwo in an taɓa, abin da ke fita yana wari, ko wurin ɗinki ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, to ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma tana iya bin jini cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon mara da ke murɗawa lokacin shayarwa a kwanakin farko, wannan mahaifa ce ke komawa mazauninta, yana wucewa. Wanda ke ƙaruwa kullum shi ne abin tsoro. Nono ma in gefe ɗaya ya yi ja ya yi tauri da zazzaɓi, a ci gaba da ba yaro, a kuma je a duba kafin ya tara ruwa.

Akwai wata al'ada tamu ta nan da ya kamata a sake dubawa. Da an yi suna sai a ɗauki mai jego a sa ta a mota zuwa gida wankan jego, ta yi yini da kwana a takure, jariri a cinya, ba ta shan ruwa don kada fitsari ya kama ta a hanya. Jinin mai jego yana da saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, dogon zama kuwa yana ƙara haɗarin. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗaya, sha-raɓa na ciwo da zafi, kada a murza, kada a kai wa mai ɗori. In gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu sai a ga numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji. In tafiyar ta zama dole a nemi shawarar asibiti tukuna, a tafi da katin awonta, kuma duk inda mota ta tsaya ta sauka ta taka.

Wadda ta sha doguwar naƙuda kuma ta ga fitsari na zubo mata ba ta iya riƙewa, kada ta ɓoye, kada a tsangwame ta. In an je da wuri wani lokaci robar fitsari kaɗai ke warkar da shi, in ya wuce haka ana yin aiki, kamar yadda aka daɗe ana yi a Babbar Ruga ta Katsina.

Sai abin da ba mu cika faɗa ba. Kuka ba dalili da saurin fushi a kwanakin farko yana samun mata da yawa, yana wucewa kafin mako biyu. Amma in ya zarce, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, ba ta cin abinci, ba ta son ɗaukar ɗanta, tana cewa ita ba ta da amfani ko gara ta mutu, wannan ciwo ne mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na samun irin wannan damuwa bayan haihuwa, balle yarinyar da ke nesa da uwarta. Akwai kuma mai tsanani, wanda mace za ta fara sambatu, tana jin muryoyi, tana tsoron jaririnta. Mu kan ce iska ce ko sammu. A yi ruƙiyya, amma kada a bar ta ita kaɗai da yaron ko na minti ɗaya, kuma a kai ta asibiti a ranar.

To duk wannan lissafi ba zai yi amfani ba in mai jego ba za ta buɗe baki ba. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu cewa mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta ƙorafi, ko sunan ɗanta ba ta faɗa. Kunya ado ce, amma yarinyar da jini ke zuba ta ja bargo ta rufe saboda surukarta na ɗakin, wannan ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba. Ke uwar miji, ke mai wanka, ku ne za ku buɗe mata ƙofa. Kada ku ce "ya jiki?" domin "da sauƙi" za ta ce ko tana mutuwa. Ku tambaya dalla-dalla: ƙunzugu nawa kika canza yau? Kanki na ciwo? Kina gani sosai? Kin iya kwanciya jiya? Ku kuma 'ya'yanmu, ki zaɓi mace ɗaya tun kina da ciki wadda ba kya jin nauyinta, ki ce da ita, Yaya ko Inna, in na ga wani abu ke zan gaya wa.

Alhazai, saura ku. Abu uku muke roƙo, kuma babu mai tsada a ciki kamar ragon suna. Ku ba da izini tun kafin ku fita, a gaban shaida, cewa in an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu a tafi asibiti ba sai an same ku ba. Ku ajiye kuɗin mota da na kati a hannun matar ko mai wankanta, ba a aljihunku ba kuna Shagamu. Sannan ku san mai mota ko mai keke ɗaya a unguwa wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. In an haihu a asibiti kada ku matsa a sallame ta da wuri don 'yan barka na jira. Ƙa'ida ita ce ta yi aƙalla awa 24 ana duba ta, sannan a sake dubawa a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida, wanda ya yi daidai da rigakafin yaro. In a gida aka haihu a kai ta a duba ta cikin awa 24, ita da jaririn, ko da kowa na ganin lafiyarta ƙalau.

Game da abin da ƙungiya za ta iya yi, mun tattauna da shugabanni kafin mu hau nan. Tun da aka kafa Sabo a 1916 iyayenmu suke da tsarin karɓar baƙo da kula da amanarsa, kuma amaryar da aka kawo daga gida ita ma baƙuwa ce. Muna son a sami mata biyu a kowane layi masu jin Yarabanci ko Turanci waɗanda za su raka mai jego asibiti su yi mata tafinta, domin sau da yawa mace na gaban malamar asibiti amma ta kasa faɗin abin da ke damunta. Muna son a sayi na'urar awon jini ko da guda uku ce, a koya wa waɗannan mata amfani da ita. Muna kuma son matasanmu su je a gwada rukunin jininsu a rubuta, saboda ranar da aka ce a kawo leda biyu kada a tsaya ana buga waya Kano.

Sakatare yana bakin ƙofa da littafi. Matasan da suka yarda su ba da jini su ba shi suna da lambar waya kafin su fita. Mata masu son shiga aikin rakiya su tsaya bayan addu'a, da masu ciki daga wata bakwai zuwa sama, za mu zauna da ku a ɗakin Islamiyya na mata ranar Asabar bayan la'asar, kowace ta zo da katin awonta da wadda za ta yi mata wanka.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.